Wa Ya Aza Tubalin Farko? Ganuwar Kano da Ganuwar Amina

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta ja daga a yammacin birnin Kano, ta saita igwoginta a kan ganuwa. Bebeji, wadda suka ci kwana biyu kafin nan, ba ta ba su wata wahala ba, amma a Kano sai da suka yi da gaske. Harsashin igwa kan faɗa jikin badala ya nutse cikin ƙasa, ƙura ta tashi ta lafa, ganuwar tana nan inda take. Ƙofar Dukawuya da suka fara tunkara an gina ta ne a lanƙwashe cikin jikin ganuwar, yadda babu damar saita mata bindiga kai tsaye. Sai da suka zaga Ƙofar Kabuga sannan suka sami shiga. Sarki Alu bai dawo daga Sakkwato ba, mafi yawan mahayan Kano suna tare da shi, Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gari kuwa a gidan sarki ya faɗi yana yaƙi.

Da Gwamna Lugga ya iso ya zaga ganuwar, ya rubuta wa magabatansa a Ingila cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. A lissafinsa kewayenta mil 11 ne, da ƙofofi 13, tsayinta daga ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi wajen ƙafa 40, ga gwalalo a bayanta. Shekara 79 kafin shi, a 1824, Clapperton, Baturen da ya yi tafiya da sunan Abdullahi, ya ƙiyasta kewayen mil 15, tsayi ƙafa 30, ƙofofi 15. Alƙaluman sun saɓa, amma abu ɗaya suka gani: tulin ƙasa da hannun mutum ya ɗora, wanda girmansa ya isa a tambayi wa ya fara shi, kuma yaushe.

Duk ɗan makarantar da ka tare a Kano yana da amsa a bakinsa: Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Amsar daga littafin Tarihin Kano ta fito, kuma labarin da ke ciki yana da daɗin ji. Gijimasu yana zaune a Garazawa, ya shawo kan mutanen ƙasar da kyauta da alheri, sannan ya tara su ya nemi shawararsu a kan gina birni, suka amince. Daga Rariya aka soma aiki, ranar farko sarki ya yanka shanu ɗari. Ginin ya bi ta Mazugal, ya ratsa Ƙofar Ruwa da Ƙofar Adama, ya wuce Waika da Kansakali, ya zagayo, aka yi ƙofofi takwas. Gijimasu bai ga ƙarshen aikin ba. Ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki, shi littafin ya ce ya ƙarasa.

To, amma daga ina shekarar 1095 ta fito? Littafin da kansa bai ambaci shekarar da kowane sarki ya hau ba, ta hijira ko ta miladiyya. Abin da yake faɗa shi ne wane ya yi shekara kaza a kan gado. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya fassara littafin daga Larabci ya buga a 1908, shi ya ɗauki waɗannan shekaru ya yi ta haɗa su yana komawa baya, tun daga faɗuwar Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, a farkon ƙarni na 19, har ya dire a 999 a matsayin zuwan Bagauda. Lissafin yana tsaye ne a kan sharaɗin cewa ba a tsallake sarki ko ɗaya ba, ba a ƙara ko ɗaya ba, ba a taɓa samun sarakuna biyu a lokaci ɗaya ba, kuma kowace shekara da aka ƙidaya daidai take. Mai karatu ya dubi na farkon: Bagauda shekara 66, Gijimasu 40, Tsaraki 60, Naguji 55. Ba abin da ba zai yiwu ba ne, amma sarakunan baya-bayan nan, waɗanda aka san zamaninsu da kyau, ba kasafai ake samun su a jere da irin wannan tsawon kwana ba.

Sannan ga shi kansa littafin. A yadda ya zo mana, an kammala shi ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19, wato sama da shekara 700 bayan lokacin da aka ba Gijimasu. John Hunwick ya kawo hujjar cewa Ɗan Rimi Barka, babban bawan sarki, shi ya harhaɗa shi daga abin da ke bakin fadawa da maroƙa da malamai. Murray Last kuwa, a wata muƙala ta 1980, ya ɗauki sashen farko na littafin, kafin Sarki Yaji, a matsayin labari mai ɗauke da ishara, inda aka tusa tarihin al'ummu da garuruwa cikin sunayen sarakuna. Ba na cikin masu cewa a yar da littafin. Wanda ya adana sunayen ƙofofi a jere yadda suke a ƙasa, har mai tafiya da ƙafa zai iya bin sawunsa yau daga Mazugal zuwa Kansakali, ba tatsuniya yake yi ba. Ya riƙe wani abu na gaskiya, wato cewa akwai tsohuwar ganuwa ƙarama da ta kewaye Dala, kuma ita ta riga sauran. Abin da ba zai iya ba mu ba shi ne shekarar da aka kwaɓa ƙasarta.

Littafin ma bai ce Gijimasu ya tarar da daji ba. Kafin Bagauda akwai Barbushe da mutanensa a gindin Dala, akwai kurmin Jakara, akwai kuma bishiyar tsafin Tsumburbura wadda aka ce an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Ashe mutanen sun san ginin kewaye tun kafin zuwan baƙi. Akwai Santolo, garin da ya gagari sarakunan Kano har sai zamanin Yaji, a ƙarni na 14 bisa lissafin Palmer. Abagayawa kuma, maƙeran Kano na asali, suna riƙe da ruwayar cewa kakansu daga Gaya ya zo neman tama. A nan ƙasa ta ba da shaida: gawayin da aka samo daga wani tsohon wurin narka tama a gindin Dala, da aka auna shi, ya nuna wajen ƙarni na 7. Mutanen da ke narka ƙarfe a wurin shekara 400 kafin Gijimasu suna da fartanya da gatari, suna da abin da za su tsare. Ko sun yi wa kansu shinge ko tudun ƙasa wanda daga baya ganuwar sarakuna ta hau kansa, wannan tambaya ce da ke buɗe har yanzu.

Daga ƙarni na 15 duhun yana fara yayewa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya gina gidan sarki na yanzu ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa birnin ta kudu, daga wajen Ƙofar Mata ya zagayo ta Na'isa ya haɗe da Kansakali. Zamaninsa yana da shaida daga waje, domin Shehu Magili ya zauna a Kano ya rubuta wa sarkin wasiƙar nasiha a kan mulki. Ba da daɗewa ba Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci Kano a littafinsa da ya kammala a 1526, ya ce gari ne mai ganuwar yumɓu. Don haka a farkon ƙarni na 16 ganuwa tana tsaye, har labarinta ya ƙetare hamada.

Faɗaɗawa ta uku ita ta fi nuna mana yadda ake aikin. A zamanin Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, sarki ya fita yaƙi, Wambai Giwa ya yi zamansa a gida saboda rashin lafiya. Da ya warke ya nemi abin da zai faranta wa ubangidansa rai, aka ba shi shawarar ya ƙara girman birni. Shi ya ja ganuwar ta yamma, ta Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga, ɓangaren da igwar Morland ta gwada bayan kusan shekara 280. An ce kullum safiya yakan kai wa ma'aikata ƙwaryar abinci dubu da shanu hamsin har aka gama, da sarki ya dawo kuma ya saka masa da garin Ƙaraye. Ko da an yi ƙari a alƙaluman, sun nuna abin da ginin ganuwa yake ci. Sai an ciyar da dubban mutane watanni, a lokacin rani da babu aikin gona. Sai an sami mai faɗa a ji da zai raba aiki unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, kowa da yankinsa. Kuma sunan wanda ya ciyar shi ake tunawa. Masu ɗaukar ƙasa a ka, bayi da talakawan karkara da aka kirawo gayya ko aka tilasta, ba a rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Baƙin da suka zo a ƙarni na 19 sun yi mamakin filin da ke cikin ganuwar. Clapperton ya ce gidaje ba su wuce rubu'in ƙasar da aka kewaye ba, Barth ma, wanda Kanawa suka sani da Abdulkarim, ya tarar da haka a 1851. Saura gonaki ne da makiyaya da kududdufai, ga Dala da Goron Dutse duk a ciki. Da gangan aka yi haka. In yaƙi ya taso mutanen ƙauyuka sukan kwaso iyali da dabbobi da hatsi su shigo, a rufe ƙofofi, a yi noma a ciki in zaman ya yi tsawo. Da magariba Sarkin Ƙofa kan rufe ƙyaure, fatake su kwana a waje, da safe a karɓi kuɗin shiga, don haka ganuwar hanyar samun kuɗin sarauta ce kamar yadda take garkuwa. Ba kuma kullum take tsare gari ba. Kwararrafa sun shiga ta Ƙofar Gadon Ƙaya a zamanin Sarki Dadi, a ƙarshen ƙarni na 17, suka yi ɓarna har Kurmi. Bayan Zamfarawa sun karya rundunar Kano a zamanin Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, sarkin ya sa aka kewaye Gaya da Takai da Dawaki da wasu garuruwa. A ƙarni na 19 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗoɗi irin su Wurno, hare-haren Ningawa kuma suka sa garuruwan kudancin Kano ƙarfafa ganuwoyinsu. Kowace ganuwa da tsoron da ya haife ta, kuma da yawa daga cikin waɗanda muke gani a karkara ba su kai tsufan da ake ba su ba.

Mai karatu zai ce, me ya hana a auna ganuwar kanta a huta? Wahalar tana cikin yadda ake gina ta. Ana haƙa ƙasa a bayan layin da aka shata, ramin ya zama gwalalo, ƙasar da aka fitar a tara ta zama jikin ganuwa. A fuskar waje ana jera tubali, irin mai siffar ƙwai da ake murzawa da hannu a shanya a rana, a ɗaure shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bi da yaɓe. Ta ciki ana barin gangare da wurin tsayawar maharba, a sama a bar kafofin leƙe da harbi, a bakin gwalalo kuma a dasa sarƙaƙiya don doki ya kasa kusantowa. Damina ɗaya ta isa ta zaizaye yaɓen ta tsaga gini. Saboda haka bayan kaka akan fito gyara, a yashe gwalalo, a mai da ƙasar da ruwa ya kwashe, a sake yaɓe. Ganuwar da aka yi wa haka shekara ɗaruruwa ta zama kamar rigar gado da aka yi ta yi wa maho har ba a iya nuna ƙyallen asali. Fuskar da Lugga ya gani a 1903 yawancinta yaɓen zamanin Sarki Alu ne da magabatansa na kusa, ko da kuwa abin da ke can cikin cikinta ya girme su da ƙarnoni.

Masu binciken kufai suna auna shekaru da gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi da ta ƙone, domin duk abin da ya taɓa rayuwa yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa a kan ƙa'ida bayan mutuwarsa. Sai dai awon yana faɗin lokacin da itacen ya mutu ne, ba lokacin da magini ya ɗora ƙasa ba. In an haƙo ƙasar ginin daga tsohon kufai, gawayin murhun mutanen da suka riga ganuwar da shekara 500 zai shiga cikin tubali, ya ba da shekarun da suka wuce na ginin. In daga gwalalo aka ɗauko, wataƙila na yasar ƙarshe ne, sai ya nuna ganuwar ta fi ƙuruciya. Abin da ake nema shi ne tsohuwar fuskar ƙasa da ginin farko ya danne, wadda ba a taɓa ta ba tun ranar da aka zuba mata kwandon farko. Samun wannan sai an yanka ganuwar a tsaye tun daga ƙoli har gindi, an karanta hawa-hawan ƙasar ɗaya bayan ɗaya, a wurare da yawa, domin abin da ke ƙarƙashin Mazugal ba shi ke ƙarƙashin Kabuga ba. Akwai kuma wata dabara ta zamani da ke auna lokacin da ƙwayar yashi ta yi rabuwar ƙarshe da hasken rana, wadda ta dace da irin wannan gini sosai.

In lamarin Kano yana da littafi da za a yi gardama a kansa, na Zazzau ya fi sarƙewa. A faɗin ƙasar Hausa, har zuwa Nupe da bakin Binuwai, in manomi ya ga tsohon tudun ƙasa ya miƙe ya ratsa gonarsa, ba wanda ya san mai shi, sunan da zai ba shi ganuwar Amina. Ruwaya ta ce duk inda sarauniyar ta yi zango a yaƙe-yaƙenta sai ta kewaye shi da ganuwa. Amma yaushe ta yi zamani? Tarihin Kano ya sa ta a lokacin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, ta ci ƙasa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ruwayar Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, wadda ake sa sarautarta a wajen 1536, ita Amina kuma ta hau bayan Sarki Karama a wajen 1576. Tsakanin maganganun biyu akwai kusan shekara 150. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce ta yaƙi Katsina da Kano, ta rasu a Atagara, amma shi ma a farkon ƙarni na 19 ya yi rubutunsa. Wasu jerin sunayen sarakunan Zazzau ma ba su sa ta a ciki ba, abin da ya sa wasu masana ke ganin jagorar yaƙi ce mai ƙarfin faɗa a ji, ba lalle mai riƙe da gadon sarauta ba.

Ba na shakkar cewa an yi Amina, domin majiyoyi uku da ba gari ɗaya suka fito ba sun san ta. Abin da ba zai yiwu ba shi ne mace ɗaya, ko namiji ɗaya, ya gina duk abin da aka jingina mata. A Katsina ruwayar garin ta ce Sarki Ali Murabus ne ya gina ganuwar waje, amma duk da haka sunan Amina ya bi ta. A Zariya kanta, binciken da John Sutton ya yi a shekarun 1970 yana Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna ba ganuwa ɗaya ba ce. Akwai wadda ta kewaye birnin yanzu, mai ƙofofin Doka da Kuyambana da Gayan da Kona da sauransu, akwai kuma tsofaffin layuka da suka kewaye dutsen Kufena, waɗanda ba lokaci ɗaya aka yi su ba. A Turunku, can kudu, ga wasu kuma a gindin duwatsu. A Samaru ta yamma an tono wuraren narka tama da suka riga shekara ta 1000. Tsarin iri ɗaya ne da na Dala: dutse, ruwa a gindinsa, tama a kusa, mutane su taru, sannan kewaye ya biyo baya, ƙarami tukuna, ya yi ta faɗaɗa. Sunan Amina ya zo daga baya ya lulluɓe aikin al'ummu da yawa, domin ita ce wadda aka fi tunawa.

Wannan ɗabi'a ba tamu ba ce mu kaɗai. Kudu da Tafkin Chadi, tsofaffin garuruwa masu ganuwa irin su Ngala da Makari da Gulfe, ana cewa Sao ne suka gina su, ƙattin mutanen da ruwaya ta ba su girman da ya wuce na ɗan Adam, kamar yadda aka ce Barbushe kan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. A ƙasar Ijebu ta Yarabawa akwai Eredo, rami da tudu mai tsawon wajen kilomita 160, wanda ake jingina wa wata attajira Bilikisu Sungbo, har wasu na cewa ita ce Bilkisu ta zamanin Annabi Sulaimanu. Gawayin da Patrick Darling ya auna ya nuna wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, binciken da Gérard Chouin da Adisa Ogunfolakan suka yi daga baya kuma ya kawo ginin ƙarshen ƙarni na 14 ko farkon na 15. Ko awon kimiyya ma sai an maimaita shi kafin a tsaya a kan magana. A Surame, babban birnin Kanta na Kabi a ƙarni na 16, mai ginin sananne ne, amma ruwaya ta yi wa aikin ado: wai Nufawa sun makara zuwa gayya, Kanta ya hana su ruwa, ya ce da man kaɗanya za su kwaɓa ƙasar yankinsu.

Wurare biyu sun nuna abin da haƙa ke iya yi wa ruwaya. Na farko Zilum, a arewacin Maiduguri. A sama ba ka ganin komai sai fili da fasassun tukwane. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da takwarorinsu na Jami'ar Maiduguri, sun bi filin da na'urar da ke gano abin da ke binne ta hanyar maganaɗisu, sai ga zanen gwalalo ya fito ya kewaye gari mai faɗin wajen hekta 12, cike da ramukan ajiyar hatsi. Awo ya sa garin tsakanin shekara 600 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan a wannan yanki namu an san kewaye gari shekara 1,500 kafin lokacin da aka ba Gijimasu, tun kafin Musulunci, kafin fataucin raƙuma ta hamada ya kankama. Wannan ya isa amsa ga tsohon ra'ayin Turawan mulki, irin su Palmer kansa, masu ɗaukar cewa duk wani babban aiki a ƙasar baƙar fata baƙi ne daga gabas ko arewa suka kawo shi. Na biyu Kufan Kanawa, a ƙasar Damagaram ta Nijar, kufai mai ganuwa doguwa da mutanen yankin ke cewa daga nan Kanawa suka tashi suka kafa Kano. Anne Haour ta yi haƙa a wurin, abin da ta auna ya faɗa tsakanin wajen 1300 zuwa 1650. Garin ya yi zamani ne tare da Kanon Yaji da Rumfa, ba kafin ta ba. A Zilum haƙa ta tura tarihi baya fiye da yadda kowa ya zata, a Kufan Kanawa ta jawo shi kusa. Ba wanda zai iya cewa wanne daga cikin biyun ke jiran mu a ƙarƙashin badalar Kano.

Abin da ke damuna shi ne shaidar tana ƙarewa. Tun da Turawa suka ci gari aka daina gyaran shekara-shekara, domin ba sauran yaƙin da za a tsare. Aka fasa sababbin ƙofofi don mota, irin su Sabuwar Ƙofa. Ruwa ya yi nasa, sauran kuma mu muka yi. An ɗebi ƙasar badala an yi gini da ita, an yanka filaye a kanta, an cike gwalalo da kududdufai da shara an kafa shaguna. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka mai da wata sabuwa a gurbinta. Doka ta daɗe da sa ganuwar cikin kayan tarihin ƙasa, tun 2007 kuma sunanta yana cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su, tare da Surame. Wasu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin suna ajiye a Gidan Makama, yara 'yan makaranta na zuwa kallo. Duk wannan bai hana tifa ɗaukar ƙasa ba.

Sau da yawa in an tashi gyara, ƙofa ake rushewa a sake ta da bulo da siminti, a shafa mata jan fenti, a rubuta shekarar Palmer a allo. Ƙofar da aka sake tana iya yin kyau a ido, amma ba ta da abin da za ta gaya wa mai bincike, tunda an kwashe ƙasar da ke riƙe da labarin. Guntun tudun da ya rage a bayan gidaje, wanda awaki ke hawa, ya fi ta daraja ta wannan fuska. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kufai da ya daɗe yana yaye ɗalibai, Jami'ar Bayero kuma tsohuwar harabarta tana daf da Ƙofar Kabuga da Dukawuya. Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfinsu ba: a zaɓi wurare kaɗan a kan layin da aka ba Gijimasu, tsakanin Mazugal da Waika da Kansakali, da wasu a kan na Rumfa da na Wambai Giwa, a yanka, a zana hawa-hawan ƙasar, a ɗebi gawayi da yashi daga can gindi a aika awo. Haka a Kufena da Turunku da Katsina. Kuma duk lokacin da za a fasa wani yanki don titi ko magudanar ruwa, a ba masu bincike makonni kaɗan su riga katafila shiga.